Rijiyar da ke Gindin Juji

A shekara ta biyu ta fari, rijiyoyin unguwar duk suka kafe sai ta gidan Kalilu. Bayan katangarsa akwai tsohon kududdufi, wanda mutanen garin Isa suka mayar wurin zubar da shara: jinin mahauta, ruwan marina, matattun batura.

Ran nan da almuru, matarsa Saude ta jefa guga, sai igiya ta dawo hannunta a tsinke. Aka ɗaura wata, ta tsinke. Daga nan jifa ya fara, ba da duwatsu ba, da gwangwanaye da ƙasusuwa, kullum a bakin rijiya.

Kalilu mutum ne da ba a gaya masa. Ya sa sarƙa a guga yana zage-zage, aka ci gaba da sha, yara suka yi ta fama da ciwon gudawa. Aka ce sammu ne. Mutanenmu ke nan, gara su zargi maƙwabci da su leƙa bayan katanga.

Wata magariba 'yarsu Ruƙayyatu ta kai moɗa baki, ta yanke jiki ta faɗi. Aka kira Malam Ibrahima mai ruƙiyya daga Gangara. Ya daɗe yana karatu kafin muryar tsoho ta fito daga bakinta.

"Wa ke nan?" in ji Malam.

"Maƙwabci. Ina cikin rijiyag ga tun birnin Alkalawa na da ganuwa."

"Mi kaka so ga ɗiyar mutane?"

"Na tsinke igiya, ba su ji ba. Na maido musu da shararsu, ba su gane ba. Abin da kunka zuba can baya, ƙasa na tsotse shi, ta tsiyayo shi nan. Da, damina na surka shi. Yanzu shi kaɗai ya rage."

"Ƙarya ta!" Kalilu ya ce. "Ba ku aljannu ka son juji ba?"

"Ku kwashe shi, ko ku rufe rijiya. Ɗaya ta ishe ni."

Kalilu ya dubi katanga. Jujin na gari ne, ya fi ƙarfinsa, rijiyar kuwa ita ce ran gidan. Ya juya ga Malam.

"Malam, kore shi kawai."

Malam ya ɗaga murya da karatu.

"Huta, Malam," in ji tsohon. "Za ni tahiya, ba don karatunka ba. Ba ni iya haɗiye ruwan ga."

Yarinya ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Can ta buɗe ido, leɓɓanta a bushe.

"Inna, ruwa."

Saude ta tsaya a gaban randa da moɗa a hannu. Babu wani ruwan a gidan, babu a unguwar. Ta dubi mijinta, ya kau da kai.

"Inna," Ruƙayyatu ta sake cewa.