Motar da Ta Sauko Ba Ƙara

A garin Tudun Wada an yi wani yaro ɗan aji uku a makarantar elementare. Babansa, Alhaji Mainasara, yana da babbar mota mai ɗauko ma'adinin kuza daga Riruwai zuwa Kano. Direbanta sunansa Gwadabe.

Yaron yana da aboki, Sabo. Benci ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci. Baban Sabo, Malam Zailani, manomi ne a wani ƙauye kusa da Doguwa.

Wata rana da hutu Alhaji ya bar yaron ya bi motar zuwa Riruwai. A hanyar dawowa suka iso wata doguwar gangara. Sai Gwadabe ya kashe inji. Motar ta yi ta gudu shiru, sai iska kawai kake ji.

Yaron ya ce, "Kawu Gwadabe, motar ta mutu ne?"

Gwadabe ya yi dariya ya ce, "Ina! Mai nake ragewa. Amma kul, kada Alhaji ya ji. In ya ji, kai da shiga mota har abada."

Ya miƙo masa rake. Yaron ya sha rake, ya ja bakinsa ya yi gum. Kai, daɗin mota ya rufe masa ido!

Bayan sati uku, ranar kasuwa, Malam Zailani ya ɗauko damin dawa a ka, ya biyo gefen wannan gangara. Motar ta sauko a bayansa ba ƙara. Bai ji komai ba, balle ya kauce. Kafin Gwadabe ya ankara ya taka burki, mota ta buge shi. Nan take rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yan doka suka tafi da Gwadabe.

Gwadabe ya rantse wa alƙali cewa ƙaddara ce kawai, mutumin ne ya faɗo hanya. Ba wanda ya gani, sai aka fara yarda da shi. Yaron kuwa ya san gaskiya, ya san Gwadabe kan kashe inji a gangarar. Abinci ya daina shiga masa.

Bayan sadakar bakwai Sabo ya dawo makaranta, idanunsa duk sun kumbura. Ya dubi yaron ya ce, "Motarku ce ta kashe mini uba. Kuma wai shi ne da laifi."

Tsoro ya kama yaron, ya ce da ƙarfi, "Ba ruwanmu! Babana yana gida ranar. Je ka tambayi direba!"

Sabo ya tashi. Ya ɗauki allonsa ya koma bencin baya. Washegari ma bai zo makaranta ba.

Malam Habu, malamin ajinsu, ya kira yaron gindin maina. Ya ce, "Ɗana, wannan magana ba irin taka ba ce. Me ke cinka?"

Sai yaron ya fashe da kuka. Ya faɗi komai, har da raken.

Malam Habu ya ce, "Share hawayenka. Alhaji ya kamata ya ji wannan, kuma daga bakinka."

Da la'asar yaron ya durƙusa a gaban babansa a zaure, ya faɗa masa. 

Yaron ya ce, "Baba, ni na kashe shi ko?"

Alhaji ya ce, "A'a. Ka yi kuskure babba da ka ɓoye. Da ka faɗa, da na karɓi makullin. Amma kai yaro ne. Ni na ɗauki Gwadabe aiki. Ni na ba shi mota, ban taɓa bin sa na ga yadda yake tuƙi ba. Aikina yake yi a ranar. Alhakin nan yana wuyana."

"Amma ai ba ka nan, Baba."

"Motata tana nan. Ya isa."

Da safe suka tafi gaban alƙali tare. Yaron ya ba da shaida. Gwadabe ya sunkuyar da kai, ya amsa laifinsa. Alhaji kuma ya ce ya ɗauki nauyin diyya da riƙon iyalin mamacin.

Daga nan suka wuce ƙauyen su Sabo. Alhaji ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Turai, mahaifiyar Sabo.

Ya ce, "Ya muka ji da haƙuri? Malam Zailani bai yi laifin komai ba. Laifin namu ne. Ki yafe mana."

Inna Turai ta yi kuka mai tsuma zuciya. Ta ce, "Abin da nake so in ji ke nan. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Yaron ya matsa kusa da Sabo ya ce, "Na ce ba ruwanmu. Ƙarya na yi. Ka yafe mini."

Sabo ya goge ido da hannun riga. Can ya ce, "Wani ya zauna a wurina a benci?"

"Ba wanda ya zauna."

"To, ran Litinin zan zo."

Tun daga ranar yaron ya gane abu biyu. In ka ga abin da zai cutar da mutane, ka faɗa tun da wuri. In kuma wanda ka sa aiki ya yi ɓarna, kada ka ce ba ruwanka.