Gawa a Gaban Tanderu

Ƙarfe biyar na yamma aka buga wa Sufeto waya cewa an tsinci shugaban masu gashi na wani gidan burodi a mace. Ranar hutu ce, amma tanderun bai huce ba.

Ya same shi a kife gaban tanderun, da rauni a ƙeya. Ya taɓa wuyansa, ya ji da ɗumi.

"Waye ya fara ganinsa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji wani dattijo mai kwaɓi da kowa ke kira Baba. "Direbanmu ya dawo da farantai wajen huɗu da rabi. Na jiyo suna sa-in-sa, ina fitowa sai wannan."

Direban ya rantse ya maya cewa tun asuba yana kan hanya, kuma bai ga kowa ba. Sufeto ya sa aka buga masa ankwa. Ga gawa da ɗumi, ga shaida, me ya rage?

Sai ga Likita da 'yar jakarta. Sufeto ya haɗe rai. Shekararsa ashirin da biyu yana wannan aiki, amma tun zuwan yarinyar nan bara, ko tari ta yi sai Kwamishina ya yaba. Kishinta yake ji, kuma ya san yana ji.

Ta ja hannun mamacin, ya ƙi lanƙwasuwa.

"Sufeto, ya sandare daga muƙamuƙi har gwiwa. Wanda ya mutu ɗazu ba ya haka."

"Da ɗuminsa fa."

"Ko katako ka ajiye a nan zai yi ɗumi."

Saje ya ƙunshe dariya. Sufeto ya ji kamar ya shaƙe shi.

Ta yaye rigar. Gadon bayan ya yi shuɗi-shuɗi. Ta danna da yatsa, launin bai motsa ba.

"In zuciya ta tsaya, jini gangarawa yake yi ya kwanta ta ɓangaren da ke ƙasa. Wannan a rigingine ya wuni, ba a kife ba. Tun safe ya mutu. Kuma me ya jiƙa gaban rigarsa?"

Sufeto ya zagaya bayan tanderun, babban burinsa ya samo abin da zai ƙaryata ta. Sai ya tarar da jiƙaƙƙun ƙyallaye uku a cukwikwiye, ga kuma sawun jan abu a cikin garin fulawa.

Ya dawo gun Baba.

"Me kuke yi da jiƙaƙƙen ƙyalle?"

"Kwaɓi muke lulluɓewa a wuri mai ɗumi, kada ya bushe."

"Yau an yi kwaɓi?"

Baba ya girgiza kai.

"To me ka lulluɓe, Baba?"

Dattijon ya sulale ya zauna kan buhu.

"Na zaci kamar kwaɓi ne. In yana cikin ɗumi da laima, zai zauna da laushinsa har direba ya dawo."

"Zafin ma saurin sandarar da shi yake yi," in ji Likita a hankali.

"Me ya yi maka?" Sufeto ya tambaya.

"Ni na koya masa riƙon ludayi! Shekara talatin ina gidan nan, maigida ya tsallake ni ya ba shi shugabanci. Da safe ya zo yana gyara mini awon yis na kwaɓin gobe. Ni! Na ɗauki itacen tura farantai, ban san sanda na sauke masa ba."

Maganar ta soki Sufeto, don ya san wannan ciwon sarai. Da hannunsa ya kwance ankwar direban, ya kasa haɗa ido da shi. Aka fita da Baba, kansa a sunkuye.

Saje ya buɗe littafinsa. "Yallaɓai, in rubuta kai ka gano?"

Sufeto ya daɗe yana kallon Likita tana wanke hannu.

"Rubuta ita ce," ya ce. "Ka kuma rubuta na kama wanda bai ji ba bai gani ba."