Ƙofar Majami'ar Nasarawa

Ranar Lahadi Dinatu ta fara ganinsa, a ƙaramar majami'arsu ta unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Irimiya ne, ɗalibin jami'a ɗan Argungu, ya zo hutu da 'yan ƙungiyarsu ta ɗalibai masu bi. Ya ba jama'a labarin yadda suke sujada a aji domin ba a gina musu majami'a ba tukuna, sannan ya ɗauko ganga ya ja waƙa da Hausa.

Dinatu ta manta baitin da take rerawa.

Mahaifinta, Dattijo Zakka, ya miƙe a fusace, ya fizge gangar ya huda ta da sandarsa.

"Abin da jami'a ke koya muku ke nan? Kiɗan bori a ɗakin Ubangiji?"

Da aka tashi, ta sami Irimiya a waje yana duba yagaggiyar fatar.

"Ka yi haƙuri da Baba."

"Ya yaga ganga, amma ya sa kin yi mini magana. Ai ni na ci riba, tauraruwata."

Ta rufe fuska da gyale tana dariya. Daga nan soyayya ta kama. Da iyayen Irimiya suka aiko, Zakka ya ce ba zai ba ɗan ganga 'yarsa ba. Isuwa kuma, magatakardan da ya daɗe yana sonta, ya kawo mata tsegumi: wai Irimiya na da budurwa a jami'a, Caroline, 'yar Ibo da iyayenta ke da kanti a kasuwa. Dinatu ta gan su tare da idonta, ta daina amsa gaisuwarsa.

Sai rikicin 1966 ya iso garin. Da hantsi kasuwa ta kama da wuta, ana farautar mutanen Gabas. Dinatu da mahaifinta na cikin majami'a sai ga Irimiya ya faɗo, yana jan Caroline da ƙannenta, rigarta jina-jina.

"Sun kashe babanta. Baba, 'yar'uwarmu ce a sujada, ka ɓoye su!"

Zakka ya tura su ƙarƙashin benci. Irimiya ya fita ya ja ƙofa, ya tsaya a gabanta.

Taron ya iso da adduna da kulake. Ta taga, Dinatu ta hango Isuwa can baya yana nuna musu ɗakin.

"Kauce!" in ji na gaban taron.

"Ba zan kauce ba," in ji Irimiya.

Kulki ya fasa masa goshi. Ya faɗi, ya sake tashi ya rungume ƙofar. Adda ta sauka a hannunsa na dama. Dinatu ta ƙwalla ƙara, ta ture sakata ta faɗa kansa, jininsa na jiƙa mata zane.

"Ku haɗa da ni!"

A lokacin Malam Abdussamadu, malamin unguwar, ya ratso taron da carbi a hannu.

"Mi kuka nema nan? Waɗanga maƙwabtana na. Wanda duk ya ƙara ɗaga adda, shi fara da ni!"

Da yawansu shi ya koya musu karatu. Suka sunkuyar da kai, suka watse. Shi ya fitar da su Caroline daga garin cikin motar shinkafa. Isuwa kuwa ya bar Birnin Kebbi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

A asibiti aka yanke hannun. Da Irimiya ya farfaɗo, ya juyar da fuska ga bango.

"Ki nemi mai hannu biyu, Dinatu."

"Ina da biyu, kana da ɗaya. Sun ishe mu, masoyina. Ka yafe mini zargin da na yi maka."

Zakka na tsaye bakin gado, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗana, na yi shekaru ina wa'azin ƙaunar maƙwabci. A bakin ƙofar nan na gan ta da idona. Ka turo iyayenka."

Bayan Irimiya ya kammala karatu aka ɗaura auren a Argungu. Ɗaliban jami'a suka cika mota suka zo, masunta maƙwabtan iyayensa suka kawo giwan ruwa. Da fasto ya ce su riƙe hannu, Dinatu ta kama na hagun da nata biyu, ta ƙi saki har aka gama addu'a.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya tsare gidanku," in ji Zakka.

Majami'a ta ɗauka gaba ɗaya: "Amin!"