Yarinyar da Ta Yi wa Waya Lalle

A wani gari can, an yi wata yarinya mai son ɗaukar hoto da waya. Ana gobe bikin yayarta, gwaggonta ta zana mata lalle a tafin hannuwa, ta ce, "'Yar nan, kada ki taɓa komai sai ya bushe."

Yarinya ta dubi lalle, ta dubi waya, ta ce, "Hoto ɗaya kawai." Ta ɗauki waya da hagu, zanen hagu ya caɓe. Ta yi sauri ta mayar da ita dama, zanen dama ma ya caɓe.

Gwaggo ta dawo, ta riƙe baki. "To, madalla! Gobe sai wayar ta tafi biki, tunda ita ta sha lalle. Ke kuwa ki tsare mana gida."