Taken Doña Chelo

Ranar da Nidia Pech ta fara ganin Gaspar, tsirkiyar jita ce a bakinsa yana ƙoƙarin ɗaura ta, don haka da ido ya amsa gaisuwarta. A dandalin Santa Lucía ne da la'asar, inda makaɗanmu na garin Mérida ke zama uku-uku cikin fararen riguna, suna jiran saurayin da zai ɗauke su zuwa ƙasan tagar budurwarsa. Ta zo da baƙin tabarau da hula wai kada a gane ta, ita da hotonta ke manne a jikin kowace bas ta garin.

"Kanari, cire tabaran nan," in ji shi bayan ya zare tsirkiyar. "Har mai sayar da ƙanƙara ya gane ki."

Sunan tsuntsun nan mai daɗin murya ya bi ta tun daga ranar.

Mahaifinsa ta zo nema, Don Liborio, tsohon makaɗi. Bayan shekara biyar tana waƙoƙin rawa, ta ƙudurta yin albam na tsofaffin waƙoƙin soyayya goma sha biyu, irin waɗanda kakarta ke rerawa a bakin murhu. Tsohon ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya ce murya akwai, haƙuri ne babu. Ya ce ta riƙa zuwa gida Talata da Juma'a, ta kuma ɗauki darasin a wayarta in tana so.

Wata uku tana zuwa. Uban yana koya mata inda ake jan numfashi, ɗan yana raka ta bakin mota, rakiyar da kullum sai ta ƙara tsawo. Wata rana kafin ta isa gida saƙonsa ya riga ta:

"Kanarina, yau na ɓata kiɗa sau biyu. Baba ya ce yatsuna ne suka tsufa. Ban gaya masa ke kika ɗago kai ba."

Ta mayar masa: "Mai yatsun zinare, gobe zan zauna na ba ka baya, kada a kore ka a kaina."

Da ta san abin da ke tafe, da ba ta yi wannan wasan ba.

Wata Juma'a bayan darasi, Don Liborio ya juya kujerarsa wajen hoton marigayiya matarsa, Doña Chelo, ya fara wani kiɗa da Nidia ba ta taɓa ji ba. Gajere ne, bai kai minti ɗaya ba, amma sai da tsikar jikinta ta tashi. Gaspar ya raɗa mata cewa taken mahaifiyarsa ne. Baba ya tsara shi shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, ya buɗe waƙa da shi a ƙasan tagarta, ya kuma rantse ba za a kaɗa wa kowa shi ba sai matar gidansa. Yanzu sau ɗaya yake taɓa shi a shekara, ranar da aka ɗaura musu aure.

A lokacin Nidia ta ga wayarta a kan tebur tana ci gaba da ɗauka. Ta gani sarai. Ba ta kashe ba.

A birnin Meziko, Fabricio ne ke haɗa mata albam ɗin, mutumin da ya shekara biyu yana aiko mata furanni tana raba wa masu gadi. Yana bin darussan ɗaya bayan ɗaya ya ci karo da taken, nan take ya ce da shi za a buɗe waƙar farko. Nidia ta ce a'a, amma irin a'ar da baƙo ke yi idan an miƙo masa nama na biyu. Ya kira wani makaɗin situdiyo ya kwaikwaya. Da ta ji yadda muryarta ta zauna a kai, sai ta yi hawaye don daɗi, ta ce a ranta gobe za ta gaya wa Gaspar.

Goben nan ta yi wata biyu. Abinci ya daina yi mata ɗanɗano. Duk ranar da Gaspar ya rubuto "Kanarina, Baba yana tambayar ki," sai ta kife wayar, ta ji ta tsani kanta.

A kujerar wanzami Don Liborio ya ji taken a rediyo. Ya miƙe da kumfa a rabin fuska ya taka har gida. Da yamma ya ce kada yarinyar nan ta sake taka masa ƙofa, ya kuma ɗauke kujerar Gaspar daga dandali, don ya ɗauka shi ya yi kyautar taken uwarsa domin ya burge budurwa.

Saƙon Gaspar ya zo ba Kanari a ciki:

"Nidia, Baba yana zaton ni na ba ki. Na bar shi a haka. Gara ya yi fushi da ni, ni ɗansa ne, zai huce wata rana. Abu ɗaya nake so na sani. Kin san wayar tana ɗauka?"

Ta rubuta ta goge ya fi sau goma. A ƙarshe ta aika: "Na sani." Bai amsa ba.

Fabricio ya ce abin bai kai ya kawo ba, a sa sunan tsohon a jikin albam a aika masa kasonsa, kuma ai dama ɗan makaɗin dandali ba sa'anta ba ne. Nan ta ga ita da shi ba yare ɗaya suke ji ba. Ta sa aka janye waƙar, duk da ita ce ke tashe, ta sake rera ta da murya zalla ba kiɗan buɗewa, ta ce masa ya nemi wata mai son furanni.

Ta koma Santa Lucía da rana tsaka, ba tabarau ba hula. Ta tsaya gaban Don Liborio, kusa da inda kujerar Gaspar take a da.

"Baba, Gaspar bai ba ni komai ba. Na ga wayar tana ɗauka na ƙyale ta. An sa a waƙa ina zaune, na ji daɗinsa na yi shiru. Kun ba ni wurin zama a gidanku, na yi muku sata. Ku mayar masa da kujerarsa, ni ce mai laifi."

Tsohon ya daɗe yana goge jitarsa da tsumma.

"Wa ya kaɗa shi?"

"Wani ne a situdiyo, Baba."

"Sauri yake kamar an biyo shi." Ya ɗaga kai. "Tafi, yarinya. Yau ba ni da abin ce miki."

Washegari kujerar Gaspar ta dawo, amma ita ba a kira ta ba. Mako uku tana zuwa ta zauna a benci can nesa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne taken ya riga ya fita, don ko da aka janye waƙar, samari na busa shi da baki a kan titi. Gaspar yana kiɗa ba ya kallon ta. Sai a mako na uku saƙo ya shigo: "Kanari, rana tana dukan ki. Koma inuwa." Ta karanta ta fashe da kuka a gaban jama'a.

Ranar Lahadi Don Liborio ya aika su zo su biyun. Ya sa aka zuba musu miyar kaza da lemun tsami, sai da suka ci sannan ya yi magana, idonsa na kan hoton Doña Chelo.

"Tsuntsun da ya tashi ba ya komawa hannu. Amma na yi wa Chelo rantsuwa cewa matar gidan nan kaɗai za a kaɗa wa taken. An riga an kaɗa miki, ko da yake an kaɗa shi da muni. Ni kuwa ba na son na je na same ta da karyayyar rantsuwa." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma da bakinka kamar an ɗinke, sai na nema maka auren ma?"

Gaspar ya ƙware da miya. Nidia ta durƙusa ta riƙe hannun tsohon.

Cikin watan Disamba aka ɗaura auren a ƙaramar cocin unguwarsu. Da suka fito, Don Liborio yana zaune a bakin ƙofa da jitarsa. Ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu haƙurin jan numfashi, jama'a suka amsa da amin. Sannan ya gyara zama zai fara.

"Baba, ku ɗan dakata," in ji amarya.

Ta karɓi kwandon furanni daga hannun ƙawarta ta juye, ta zagaya da shi kowa ya saka wayarsa. Tata ce ta fara shiga. Sai da ta ajiye kwandon can gefe ta dawo kusa da mijinta, tsohon ya taɓa tsirkiya, a hankali, yadda ya kaɗa taken a ƙasan taga shekara arba'in da biyu da suka wuce.