Hancin Baba

Auta na goge allon kwamfuta a ɗakin gwaji sai ga wani saurayi ya shigo, rigarsa duk ɗigon fenti, ja nan shuɗi can, ya riƙe wata 'yar kwalba da hannu biyu kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Mai fentin mota ne. Ta nuna masa kujera, bai zauna ba.

Ya ce yayansa, wanda ya koya masa sana'a, ya fara da ciwon kai, yanzu ko lambar mota ba ya iya karantawa. Likita ya tambayi abin da suke shaƙa a gareji, su kuwa ba su da abin shaƙa sai tina, ruwan da suke sirka fenti da shi. Shi ya zubo a kwalbar ya kawo a gwada.

Da ta ce injinta da maikirowef yake aiki, ya dubi ƙatuwar tukunyar ƙarfen da bututunta, ya tambaya ko a ciki suke ɗumama abincin rana. Ta yi dariya ba ta shirya ba. Ta ce ɗigo ɗaya take sawa, a zuƙe iskar tukunyar, ɗigon ya zama tururi, a harba masa igiyoyin maikirowef ɗin. Kowane sinadari da irin juyinsa, sai ya fito a allo layi-layi kamar zanen yatsa, ba mai aron na wani.

"Ashe likitar kwalba ce ke," in ji shi.

"Kai kuma bakan gizo," ta ce, tana kallon rigar.

Kwalabe sun yi layi a gaban tasa, sai ya mai da zuwa tambaya sana'a. Daga tambayar kwalba aka koma tambayar ko ta ci abinci. A nan ya gane ita 'yar dattijon nan ce mai shagon fenti, wanda duk masu gareji ke sayen tina a wurinsa saboda hancinsa. Baba ba ya karɓar duro sai ya buɗe ya zuƙa har ƙirji, in ya ce mai kyau ne, magana ta ƙare.

Baba kuwa da ya ji labari ya ɗaure fuska. Ya ce bai kai 'yarsa jami'a don ta ƙare da wankin riga mai fenti ba. Ga ɗan dillalin da ke kawo masa sababbin durorin nan, yaro mai mota da ladabi, yana ta gaishe shi har ƙasa.

Ranar da layi ya zo kan kwalbar, Auta ta dubi allo. Cikin layukan tina ga wasu dogaye tsaye, ta san su kamar fuskar maƙwabci. Metanol ne, mai cin jijiyar ido, kuma an zuba shi ba tausayi. Ta wanke injin ta sake, ta kuma sakewa, tana roƙon Allah ya sa kuskurenta ne. Layukan ba su gusa ba.

Ta ɓoye sakamakon. Mai fentin ya zo, ta ce ba a gama ba. Ya sake zuwa, ta ce injin na gyara, alhali yana jin kukan famfonsa ta bayan ƙofa. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Likitar kwalba, yau Yaya ya kira ni da sunan wani ina tsaye gabansa. In don Baba kike ɓoyewa, faɗa min in daina zuwa. Ina sonki, amma shi ya rene ni."

Ta karanta ta kife wayar. In ta faɗa, sunan da Baba ya gina da hancinsa ya rushe, kuma ba zai taɓa sa albarka a auren wanda ya jawo masa haka ba. In ta yi shiru, ta rasa Bakan gizo, wasu ma su rasa ido.

Da safe ta kai wa Baba shayi. Ya miƙa hannu, hannun ya wuce gefen kofin ya kama iska. Ya yi tsaki ya ce tabarau ne ya tsufa. Ta tsaya tana kallonsa, ta tuna shi ne mutumin da ya fi kowa zuƙar durorin nan a duniya.

Ta faɗa masa komai a tsaye. Ya yi faɗa har Umma ta fito daga kicin, ya ce yaron nan ne ya juya mata kai, hancinsa bai taɓa ba shi kunya ba. Ta durƙusa ta ce ya zo da tsohon tinarsa da sabon, in hancinsa ya raba su, ta bar maganar auren har abada.

Ya zo ɗakin gwajin, don ya ƙure ta. Ta zuba su a kwalabe iri ɗaya, ya kai hanci sau ɗaya, ya kai sau biyu, ta karɓe ta ce ya isa. Ya kasa rabawa. Injin kuwa ya raba su nan take. Baba ya matso da fuskarsa har tana taɓa allon.

"Ina layukan, Auta? Ban ga komai ba."

Ta kama yatsansa ta ɗora a kansu ɗaya bayan ɗaya, tana kuka.

Kafin ya je asibiti sai da ya rufe shagon, ya kai rahoto ga hukuma, ya sa ta raka shi garejin. A gaban kowa ya cire hula ya nemi gafarar yayan mai fenti. Ɗan dillali kuwa tun ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Magani ya tsayar da ciwon, amma abin da ya tafi bai dawo ba, ga Baba da yayan duka.

Auta ce ta fara tura saƙo:

"Bakan gizona, na yi jinkiri kuma na yi maka ƙarya. Ka yafe min."

"Na yafe, Likitata. Ki daina kuka, idanu sun yi ƙaranci a gidajenmu."

Ranar auren ba a yi hayaniya ba. Ango ya sa fararen kaya tas, ya durƙusa gaban Baba bai ce uffan ba. Baba ya lalubo kansa, ya sunkuya ya ja numfashi a hankali.

"Ka yi wanka, ka sa turare, amma fentin na nan," ya ce. Aka yi dariya da hawaye a ido.

Ya lalubo hannun Auta ya haɗa da na ango. Ya ce ba zai ga fuskar 'ya'yansu ba, amma a riƙa kawo masa su, zai gane su. Allah ya yi musu albarka, ya tsare musu idanunsu, ya bar su tare. Yayan ango, da ke zaune kusa da shi, shi ya fara cewa amin.