Kukan Kuza

"Kowa ya yi shiru," in ji Malam Hayatu. "Yau za ku ji ƙarfe ya yi kuka."

Ɗalibai suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga wata farar sandar kuza, ya kai ta kusa da kunnensa, ya fara lanƙwasa ta a hankali.

Ƙiii... ƙar... ƙar...

Wani siririn sauti ya ratsa ɗakin gwajin, kamar jariri na shessheƙa a bayan bango.

Tabita ta miƙe zumbur, kujerarta ta kife.

"Luka, fito!" ta ƙwalla ƙara. "Fito, zai rufta!"

Ba wani Luka a ajin. Kafin kowa ya motsa, ta sulale ƙasa.

Da ta buɗe ido, tana kwance a baranda, hular Malam Hayatu a ƙarƙashin kanta, shi kuma yana tsugune nesa kaɗan yana yi mata fifita da kwali. Matashi ne siriri, bai daɗe da dawowa daga karatu a Rasha ba, shi ke koyar da su halayen ƙarafa da siminti a sabuwar kwalejin injiniyoyi da gwamnatin soja ta buɗe a gefen garin Sakkwato, lokacin da kuɗin mai suka sa ko'ina gini ake yi.

"Sannu, Tabita. Ki gafarce ni, ban san zan tsorata ki ba."

"Ba laifinka ba ne, Malam."

"Wane ne Luka?"

Ta tashi zaune.

"Yayana ne. A ƙauyenmu na ƙasar Jos muke, ina ƙarama. Na kai masa abinci bakin ramin kuza, yana ciki yana haƙa. Sai na ji wannan kukan yana fitowa daga cikin ƙasa. Ni kaɗai na ji. Na ce ya fito, ya ɗago kai yana yi mini dariya..."



Hayatu bai ce mata mafarki ta yi ba, kamar yadda kowa ke cewa.

"Duk abin da zai karye yakan yi ƙara tukuna," ya ce. "Mafi yawan kunnuwa ba su kai can ba. Naki ya kai."

Tun mutuwar Luka ba wanda ya taɓa gaskata ta sai shi. A nan wani abu ya motsa a ƙirjinta, ta yi sauri ta kawar da kai.

Daga ranar, duk sanda za a matse tubalin kankare a injin gwaji, sai ya ce ta juya baya ta rufe ido.

"Yanzu!" za ta ce.

Kafin ta rufe baki, tubalin ya tarwatse.

Shi yakan yi murmushi. Sauran ɗalibai kuwa suka fara ja da baya in ta shigo. Su biyu ne mata a ajin, ita da Zulaihatu, 'yar kawun Hayatu, wadda tun suna yara dangi ke kiran ta matarsa, ita ma ta sa abin a ranta. Zulaihatu ta ga irin kallon da yake yi wa Tabita, ta ga kuma yadda yake sunkuyar da kai in an kama shi.

"Iskoki gare ta," ta riƙa raɗa wa mutane. "Na ramin kuza. Su ka gaya mata. Sun ci yayanta, yanzu ga Yaya Hayatu sunka nuho."

Wata rana bayan an tashi, ya tarar da Tabita a bakin titi tana jiran mota, ya tsayar da babur ɗinsa.

"Akwai maganar da nake riƙe da ita," ya ce, bai dube ta ba. "Ni malaminki ne, bai kamata in faɗe ta ba sai kin gama jarrabawar ƙarshe."

"To ka riƙe ta, Malam."

"Tana da nauyi, Tabita."

Ta rufe fuska da littafinta.

"Ni ma tawa haka..."

Magana ba ta tsaya a bakin titi ba. Zulaihatu ta kai ta Ƙofar Marke, gidan su Hayatu, gidan malamai tun kaka da kakanni. Mahaifiyarsa, Inna Dijatu, ta kira shi ɗaki.

"Mi nika ji, Hayatu? Ɗiyar coci, kuma mai iskoki?"

"Inna, lafiyarta lau. Kuma addini bai hana ba."

"Ni na hana! Ga ɗiyar ɗan'uwana nan ta girma gabanka. Ba ka kawo min wagga yarinya gidan ga ina numfashi."

A unguwar Gidan Dahala, gidan su Tabita, ma wuta ce ta tashi. Malam Bitrus, mahaifin Tabita, malamin firamare ne kuma dattijo a majami'arsu. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Na binne ɗa guda. Ke kika rage mini. Yanzu ki shiga gidan da za a kulle ki, a canja miki suna?"

"Baba, ba haka yake ba..."

"Na gama magana, Tabita!"

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ta daina tsayawa bakin titi, shi ma ya daina kiran sunanta a aji.

Ana cikin haka aka gama sabon ginin sashensu, bene mai faɗin zaure, fari fat. An gina shi cikin gaggawa domin wani babban soja zai zo ya buɗe shi kafin damina. Ranar da aka fara kai su ciki, Tabita na taka ƙofar ta tsaya cak.

Zafi ake yi kamar gari zai kama wuta, amma sanyi ya ratsa ta har ƙashi.

Ƙiii... ƙar...

Can sama yake, cikin rufin kankare. Ya yi shiru, ya sake, kamar wani abu ne kwance a ciki yana juyi.

Ta duba fuskokin 'yan ajin. Kowa na hira, ana yaba fenti.

Ta zauna ta daure har aka tashi. Kashegari kukan ya sauko cikin ginshiƙin tsakiya. Ta lura ko tsuntsu ba ya sauka a ginin, ƙadangarun da suka cika harabar ma kewaye shi suke yi. Ranar da ta ga gari-garin siminti a kan littafinta, alhali ba iska, sai ta karya umarnin mahaifinta ta nufi ofishin Hayatu.

"Malam, ginin nan kuka yake yi."

Ya miƙe tsaye.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Kullum ƙaruwa yake."

Bai ƙara tambaya ba. Ya je bayan ginin ya tsinto guntayen rodi da ɓaraguzan kankaren da magina suka bari, suka shiga ɗakin gwaji. Rodin da ya kamata ya lanƙwasa sai ya karye ƙas kamar kara. Kankaren kuwa da yatsa Hayatu ya murje shi.

"Simintin da ya daɗe cikin jirgi a teku ne," ya ce a hankali. "Ya mutu tun kafin ya iso."

Ya kwashi guntayen ya kai wa shugaban sashe, Dokta Siddiƙu, wanda shi ya sa hannu a kan cewa ginin ya yi. Tabita na tsaye a bakin ƙofa tana ji.

"Wa ya fara kawo maganar?" in ji Dokta.

"Gwaji ya nuna, ranka ya daɗe."

"Na ce wa ya fara? Yarinyar nan mai jin muryoyi ko? Hayatu, in je in gaya wa soja a fasa buki saboda budurwarka ta ji aljani? A yi bukin, daga baya mu duba."

Ana jibi buki, aka tara ɗalibai a zauren da tsakar rana domin jera kujeru. Tabita ta ƙi shiga, ta tsaya a rana. Daga nan ma tana ji. Sai kuma, farat ɗaya, kukan ya ɗauke.

Shirun ya fi kukan ban tsoro. Haka ya yi a ramin Luka.

Ta ruga ciki, ta kama hannun rigar Hayatu a gaban kowa.

"Ya yi shiru! Hayatu, fitar da su... yanzu!"

Ya dubi idanunta sau ɗaya, ya juya.

"Kowa waje! Ku bar komai! Waje na ce!"

Ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba, suka yi ta turereniya. Ya tura Tabita gaba har tsakar fili. Da ya waiwaya, Zulaihatu na zaune a kujera a tsakiyar zauren, ta harɗe hannuwa.

"Ba ni tashi don mahaukaciya ta ce!" ta ɗaga murya. "Yaya Hayatu, dubi yadda tam maishe ka!"

"Kada ka koma!" Tabita ta riƙe shi. "Don Allah, masoyina, kada ka koma..."

Wannan ne karo na farko da ta kira shi haka. Ya yi murmushi, ya zare hannunsa.

"Ƙanwata ce."

Ta ga ya shiga, ya fizgo Zulaihatu, ya wurgo ta ta ƙofa ta faɗo kan matakala.

Sai rufin ya sauko.

Ƙasa ta girgiza. Ƙura ta tashi ta rufe rana, gari ya yi jawur. Da ta lafa, babu zaure, babu bene, sai tudun ɓaraguzai da rodi a tsaitsaye.

Magina da manoman da ke kan hanyar Dundaye suka sheƙo da diga da fartanya. Aka fara haƙa ta bakin ƙofa, inda aka gan shi a ƙarshe. Aka yi ta haƙa har la'asar ta gota, ba shi ba alamarsa. Labari ya kai gari. Inna Dijatu ta iso ko mayafi ba ta daidaita ba, Malam Bitrus ma ya zo a kan kekensa neman 'yarsa.

Tabita na durƙushe, farcenta duk jini. Sai ta ɗago kai.

"Ku yi shiru."

Ba wanda ya kula ta.

"Ku yi mata shiru!" Zulaihatu ce ta yi ihun, fuskarta duk ƙura da hawaye. "Don girman Allah ku saurara mata!"

Diga suka tsaya.

Tabita... Tabita...

A hankali yake kira, a natse, kamar yana kiran sunanta a aji. Ta miƙe ta bi muryar, ta hau tudun, ta wuce inda ake haƙa, ta gangara can gefen gabas inda ba wanda ya yi zato.

"Nan ne. Yana kirana."

"Mu ba mu ji komi ba," in ji wani magini.

Malam Bitrus ya dubi 'yarsa. Shi ne ya ce mata mafarki take yi a ranar Luka. Ya tuɓe kwat ɗinsa, ya karɓi diga daga hannun maginin, ya fara sara da kansa.

Kafin rana ta faɗi suka kai gare shi. Ginshiƙi ne ya ture shi can, wata ƙofar ƙarfe ta tokare kankaren a samansa. Ƙafarsa ta hagu ta niƙe, fuskarsa ta kumbura, amma yana numfashi.

Ya yi makonni a asibiti. Ƙafar ba ta tsira ba. An rufe maganar ginin da kwamitin bincike, aka mayar da Dokta Siddiƙu wani gari, ɗan kwangilar kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wata safiya Tabita na shara a tsakar gida, sai ga Inna Dijatu ta yi sallama, Zulaihatu na biye da ita ɗauke da ƙwaryar goro. Tsohuwar ta zauna a falon Malam Bitrus.

"Malam, ni nac ce ba ta shiga gidana ina numfashi," ta ce. "Ga ni ina numfashi, na taho da ƙahwata in roƙe ka. Ba a canza mata suna, ba a hana ta aikinta, Lahadi ta tahi inda ta saba. Kawunnansa na tahe su yi magana ta maza, ni dai na riga su."

Malam Bitrus ya goge tabarau ya sake gogewa.

"Hajiya, yaron da ya koma cikin ginin nan saboda wani, ban da abin da zan ce a kansa. Mutanen majami'a za su yi magana."

"Mu ma namu na yi."

"To... su yi."

Zulaihatu ta biyo Tabita madafa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ƙahwarshi na wuyana har in mutu," ta ce.

Tabita ta kamo hannunta ta riƙe. 

Bayan ta gama jarrabawa aka ɗaura aure. Wasu dangin ba su zo ba, ta kowane ɓangare, wasu ma ba su sake gaishe su ba.

Ranar da suka koma asibiti a gwada masa ƙafar katako, likitan da ya karɓe shi a ranar hatsarin ya tambayi Tabita yadda aka yi ta gano inda yake.

"Kirana ya yi ta yi, likita."

Likitan ya ajiye alƙalami.

"Ba zai yiwu ba. Muƙamuƙinsa a karye aka kawo shi, bakinsa cike da ƙasa. Tun faɗowar ginin a sume yake, bai farfaɗo ba sai bayan kwana biyu."

 Suka fito, yana dogara sanda, tana riƙe da ɗaya hannun.

"Hayatu... ka kira ni ko ba ka kira ni ba?"

Ya tsaya ya huta a jikin bishiyar dogonyaro.

"Ban san inda nake ba, rabin raina. Wuri ne mai sanyi, ba duhu ba haske. Akwai wani saurayi zaune kusa da ni, jikinsa duk jar ƙasa, yana ta dariya. Shi ya ce mini, kira ta, wannan karon za su ji maganarta."

Tabita ta zauna a ƙasa a wurin, ta rufe fuska. Hayatu ya jingine sandarsa, ya lallaɓa ya zauna kusa da ita, ya bar ta ta yi kukanta har ta gaji.